Ƙaramar bindigar gam a aikin ƙugiyar wasan yara: inda take fidda kunya da inda take gazawa

Ƙaramar bindigar gam, wadda ake jona wa wuta a zura mata sandar gam mai kaurin milimita 7 ta baya, tana cikin kayan da aka fi saya don ƙananan ayyukan hannu a gida. A jikin kwalinta yawanci an jera abubuwan da take liƙawa: katako, yadi, takarda, roba, gilashi, har da ƙarfe. Wannan na ƙarshen shi muka sa a gaba, domin aikin da muka auna ta da shi ƙugiyar wasan yara ce mai ƙaho huɗu da igiya, irin wadda ake jefawa ta kama bakin kwando ko hannun jaka a jawo. Siffarta ɗaya da ƙugiyar ciro guga daga rijiya, sai dai wannan ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, kuma da kilif ɗin takarda ake yin ta.

Hukuncinmu shi ne bindigar ta cancanci saye don wannan aiki, matuƙar an san gurbinta. Gam ɗinta bai iya ɗaukar ja a kan ƙarfe mai santsi, kuma duk wanda ya ɗora masa wannan nauyi zai ga ƙugiyarsa ta watse tun ba a je ko'ina ba. Amma wajen rufe tsinin waya, da cike gurbi, da hana zare warwarewa, babu wani gam na gida da ya kama ƙafarsa.

Ƙananan bindigogin nan galibi ƙarfinsu tsakanin wat 10 ne zuwa 20, kuma suna ɗaukar minti 3 zuwa 5 kafin gam ya narke sosai. Iri biyu ne. Akwai mai zafi sosai, wadda bakinta ke kaiwa wajen digiri 190 a ma'aunin Salshiyos, akwai kuma mai sassaucin zafi da ke tsayawa wajen digiri 120. Wasu suna da makunnin da ke sauya tsakanin biyun. Sandar gam ɗin kuwa roba ce da ake kira EVA, an gauraya ta da kaki na masana'anta da wani ƙaro mai sa danƙo. Babu ruwa a cikinta da zai bushe. Narkewa take ta kwarara, in ta huce ta daskare, shi ke nan. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai fahimci duk halin bindigar, mai kyau da marar kyau.

Ga yadda akasarin mutane ke fara yin ƙugiyar. Su miƙe kilif uku, su lanƙwasa kan kowanne, su haɗa gindinsu wuri ɗaya, su malala gam, sannan su ɗaura igiya a jikin dunƙulen gam ɗin. Da ido abin gwanin kyau. Amma da ƙaho ɗaya ya kama wani abu aka ja, sai wayar ta zare daga cikin gam sumul, ta bar rami mai siffarta. Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko, waya ba ta da ƙofofin da gam zai shiga ya kama, ba kamar yadi ko kwali ba. Na biyu, ƙarfe na zuƙe zafi da sauri, don haka gam ɗin da ya taɓa waya mai sanyi yana daskarewa a daƙiƙa kaɗan tun kafin ya kwanta a jikinta sosai. Na uku, kilif yana zuwa da rufin da ke hana tsatsa, ga kuma maiƙon hannu a kai. Ƙarin gam ba ya maganin ko ɗaya daga cikin ukun, sai dai ya ƙara nauyi da muni.

Maganin yana cikin yadda aka lanƙwasa wayar. A sa igiya ta ja ƙarfe kai tsaye, ƙarfen kuma ya zama guda ɗaya tun daga zoben igiya har tsinin ƙaho. Abin da ake buƙata: manyan kilif biyu masu tsawon santimita 5, noti ɗaya mai lamba M8 (wanda ke hawa ƙusa mai kaurin milimita 8), zaren ɗinki mai ƙarfi kamar mita ɗaya, filaya, guntun samfefa, batir AA ɗaya, da igiya siririya. Ƙananan kilif ba sa yi, domin in an miƙe su tsawonsu bai kai ba, wayarsu kuma ta yi laushi.

Ka miƙe kowane kilif da filaya, zai ba ka waya mai kusan santimita 15. Sau ɗaya za ka buɗe kowace lanƙwasa, a hankali. Waya in aka yi ta kai ta ana komowa a wuri ɗaya tana taurara ta yi gautsi, daga baya ta karye a daidai wurin, sau da yawa ma sai bayan an gama aikin. Ba dole ta miƙe sak kamar kibiya ba. Sai ka goge tsakiyar wayar da samfefa har ƙyallinta ya dushe, ka share da auduga mai ɗan sifirit, ka bar ta ta bushe.

Yanzu ka naɗe kowace waya biyu a kan fensir, daidai tsakiya, ta zama kamar harafin U mai ƙafafu biyu, kowace ƙafa wajen santimita 7. Ka matse ƙafafun a ƙarƙashin fensirin da filaya, ƙaramin zobe ya fito a sama. Ka sa zoben ɗaya cikin ɗaya a gicciye, ƙafafu huɗu su haɗu su zama sanda ɗaya. Ka zura notin ta ƙasa ya hau kamar santimita 3 da rabi daga tsinin. Abin da ya rage a ƙasan noti shi ne ƙahonin. Ka buɗe su zuwa kusurwa huɗu, ka lanƙwasa kowanne a jikin batir ya juyo yana kallon wajen zobe. Kaurin batir AA milimita 14 da rabi ne, don haka duk ƙahonin za su fito da baki iri ɗaya. Wannan baki ya isa kama hannun jaka, da bakin kwando, da hannun durowa siriri. Ba zai kama ƙafar kujera mai kauri ba, kuma hakan bai zama aibi ba a kayan wasa.

Kafin gam sai zare. Ka fara daga saman noti ka naɗa shi da ƙarfi, zagaye kusa da zagaye ba tare da tazara ba, har gindin zobe, ka dawo ƙasa, ka ƙulle sau biyu. In naɗin ya yi kyau, tun a nan ƙugiyar za ta tsaya da ƙafarta. Ka kama ƙaho ɗaya ka jijjiga: in ya juya shi kaɗai ya bar sauran, naɗin ya yi sako-sako, ka kwance ka sake. Gam ba zai gyara wannan ba.

A nan ne bindigar ke shigowa, kuma a nan take nuna amfaninta. Zare yana da gashi da ƙofofi, gam yana ratsa shi ya kama da kyau. Ka ɗumama ƙugiyar da na'urar busar da gashi na rabin minti, domin ƙarfe mai ɗumi yana ba gam lokacin kwanciya. Ka riƙe ta da filaya, ka ja layin gam siriri a kan zaren kana juya ta, sannan ka cika ramin notin ta sama da ta ƙasa don kada ya riƙa kai-komo. Siririn bakin ƙaramar bindiga yana shiga tsakanin ƙahonin nan cikin sauƙi. Babbar bindiga mai sandar milimita 11 kuwa malalo take yi, matsa ɗaya ya rufe rabin ƙugiyar. A wannan aiki ƙanƙanta ita ce falala. Sanda ɗaya mai tsawon santimita 10 ta isa ƙugiya biyu zuwa uku.

Aikin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne rufe tsini, domin wayar da aka bari tsirara tana iya tsone ido. Ka lanƙwasa milimita 3 ko 4 na ƙarshen kowane ƙaho da bakin filaya ya koma baya ya kwanta a jikin wayar. Sai ka ɗiga gam a kai, ka juya ƙugiyar a hankali kamar daƙiƙa 10, ɗigon ya dunƙule ya zama ƙwallo mai girman ƙwayar masoro ko fiye kaɗan, sannan ka tsoma shi a kofin ruwan sanyi ya daskare nan take. Wannan 'yar lanƙwasa ta ƙarshen waya ita ce ke riƙe ƙwallon. In ba ita, ƙwallon zai zare kamar hula ya bar tsini a waje, shi kansa kuma ya zama ƙaramin abin da yaro zai iya sawa a baki. Bayan ya huce ka ja kowane ƙwallo da yatsa biyu da ƙarfi. Wanda ya motsa ka cire ka sake. Gam ɗin in ya daskare yana da ɗan taushi irin na roba, ba ya karce katako, kuma taushin yana sa ƙahon ya riƙe abin da ya kama maimakon ya zame.

Mun fi son mai sassaucin zafi a nan. Gam ɗinta yana fitowa da kauri, yana tsayawa inda aka ɗiga shi, ƙwallon tsini yana dunƙulewa da kyau. Na mai zafi sosai ruwa-ruwa yake, yana gangarowa a jikin waya kafin ya huce, sai an yi ta juyawa. Gaskiya ne ya fi ratsa zare, amma tunda ba gam ne ke ɗauke da ja ba, wannan fifiko bai taka kara ya karya ba. A kula dai a sayi sandar da ta dace: sandar da aka yi don zafi sosai ba ta narkewa da kyau a bindiga mai sassaucin zafi, kunamar ta yi tauri, gam ya fito guntu-guntu.

Aibobinta ma ba a ɓoye suke ba. Tana ɗiga ko ba a taɓa ta ba, domin gam ɗin da ke ciki yana kumbura in ya yi zafi, sai an shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta. Tana jan zare-zare kamar saƙar gizo duk lokacin da aka ɗaga baki. Ana rage wannan in aka saki kunama aka ɗan murza bakin a wurin kafin a ɗaga, abin da ya saura kuma na'urar busar da gashi tana narkar da shi. 'Yar ƙafar wayar da take tsayawa a kai ba ta da ƙarfi, bindigar kuma ba ta da nauyi, don haka igiyar wutarta kaɗai na iya kayar da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: in ta kwanta a gefe da zafinta, gam yana komawa baya ya daskare a hanyar da sanda ke bi, daga nan kunama ta daina turawa. Da yawa daga cikin masu araha ba su da makunni ko fitilar da ke nuna suna kunne, sai an zare daga soket. In da zaɓi, a ɗauki mai makunni da faffaɗan gindi da robar kariya a baki. Abu biyu kuma ke kashe ta da wuri: matsa kunama da ƙarfi kafin gam ya narke, da fizgo ragowar sanda ta baya. Sandar da ta shiga ba ta fita, sabuwa ake sawa ta tura ta.

Wani zai ce me ya sa ba za a yi da gam mai kamawa nan take ba, wanda ke zuwa a ɗan ƙaramin bututu. Yana kama ƙarfe fiye da wannan, amma yana da gautsi, faɗuwa a ƙasa mai tauri na fasa shi, ba ya kuma yin ƙwallo a tsini. Mafi muni, in ya haɗu da zaren auduga yana ɗaukar zafi farat ɗaya, har ya yi hayaƙi ya ƙona yatsa. Gam mai bututu biyu da ake gaurayawa ya fi duka ƙarfi, sai dai yana son awoyi kafin ya gama ƙarfafa, kuma in ya daskare tauri yake kamar dutse, wanda ba a so a abin da za a jefa cikin ɗaki. Farin gam na katako da takarda ba ya kama ƙarfe. Tef ɗin masu gyaran wuta yana iya maye gurbin gam a kan zaren sanda, amma a tsini zarewa yake.

Notin nan da aka sa ba ado ba ne. Kilif biyu ba su da nauyin da zai ja igiya a iska. M8 yana da kusan giram 5, kuma da shi ƙugiyar duka ba ta wuce giram 10 ba sosai. Zamansa kusa da ƙahoni yana sa ta tafi da kai a gaba, ta faɗa bayan abin da ake hari, in an ja ta kama. In aka mai da shi kusa da zobe sai ta riƙa juyawa a iska tana faɗuwa da gindi. Kada a ƙara noti na biyu don neman nisa. Nauyin da ke kai ƙugiya nesa shi ne kuma ke fasa gilashi da goshi.

In jifa bai kai ba, a duba igiya tukuna. Ko manyan ƙugiyoyi na gaske wannan ce matsalarsu. Ranar 6 ga Yuni 1944, a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da suka hau gangaren dutsen Pointe du Hoc a gaɓar tekun Faransa, mai tsayin kusan mita 30, da roka suka harba ƙugiyoyinsu, amma da yawa ba su kai sama ba saboda igiyoyin sun sha ruwan teku sun yi nauyi. Ƙugiya mai giram 10 tana son zaren auduga mai kaurin milimita 1 zuwa 1 da rabi, tsawon mita 1 da rabi zuwa 2. Ka zura shi ta cikin zobban biyu gaba ɗaya, ka ƙulle sau biyu, ka ɗiga gam kaɗan a jelar ƙullin. In igiyar ta roba ce, kada bakin bindiga ya taɓa ta, narkewa za ta yi.

Igiya uku ba mu yarda da su ba. Ta farko ita ce igiyar laimar sauka ta nailan, mai kaurin milimita 4, wadda irinta da ake kira 550 ke ɗaukar kusan kilo 250. Ta yi nauyi, kuma ƙarfinta yana sa yaro ya zaci zai iya rataya a jikinta. Ta biyu zaren kamun kifi, wanda ba a ganinsa kuma yana yanka yatsa. Ta uku duk wata igiya mai talewa, domin in ƙugiya ta maƙale aka ja sannan ta kuɓuce, fuskar mai ja take nufa. A kayan wasa ana son wuri mai rauni da zai sallama kafin jiki ya ji ciwo. A wannan ƙugiya ƙahon ne: in ja ya yi yawa wayar kilif tana buɗewa ta saki. Shi ya sa ba mu ba da shawarar yin ta da wayar hangar rataye kaya ba, wadda kaurinta ya ninka na kilif kuma ba ta buɗewa da sauƙi.

Batun shekaru ba a sassauta shi. Ƙa'idojin kayan wasa na Turai da Amurka suna auna ƙananan abubuwa da wani bututu mai faɗin milimita 31.7: duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya bai dace da yaron da bai kai shekara 3 ba. Notin da ƙwallayen tsini duk suna shigewa, ga kuma doguwar igiya da ke iya naɗe wuya. Wannan wasa na yaran da suka yi wayo ne, da babba a kusa. Ba a ɗaura igiyar a wuya ko a wuyan hannu, ba a jefa wa mutum ko dabba, ba a kusantar wayar lantarki ko fanka mai juyawa, ba a hawa da ita ko da kan gado ne. Jifan ma daga ƙasa ake lilo a saki, ba a wulwula ta sama da kai.

Ita kuma bindigar, babba ne ke riƙe ta. Sunan mai sassaucin zafi kada ya ruɗi kowa, digiri 120 ya wuce zafin tafasasshen ruwa, kuma gam yana manne wa fata ya ci gaba da ƙuna. Kofin ruwan nan da ake tsoma tsini a ciki ya zauna kusa da hannu, amma nesa da soket. In gam ya ɗiga a yatsa a tsoma nan take, sannan a sa a ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudu na minti 20. Ba a sa ƙanƙara ko mai, ba a kuma fizge gam ɗin da ya kama fata. In ƙunar ta yi faɗi, ko a fuska take, sai asibiti.

Gam ɗin yana laushi da zafi tun kafin ya kai ga narkewa, don haka ƙugiyar da aka bari a cikin mota a rana za a tarar ƙwallayenta sun saki. Kafin kowane wasa a ja su ɗaya bayan ɗaya. Gyaransu ba wuya: ɗigon sifirit a bakin inda gam ya haɗu da ƙarfe yana shiga tsakani, bayan 'yan daƙiƙu tsohon gam ya ɓare da farce, a bar wurin ya bushe sarai a ɗiga sabo. Ƙahon da ya buɗe ana mai da shi a jikin batir sau ɗaya ko biyu. In ya kai na uku, ko ka ga wurin lanƙwasar ya yi fari-fari ko ya tsage, wayar ta gaji, a cire notin a yi sabuwa da wasu kilif biyu.